Yadda Ake Ƙarfafa Yatsu da Sangalin Hannu Don Hawan Dutse da Ɗan Ƙarfen Matsawa

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a jikin dutse ya san inda ƙarfi ke fara ƙarewa. Ƙafa tana nan daram, numfashi bai tsinke ba, amma sangalin hannu, wato daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ya cika ya sanƙare kamar an hura shi da famfo. Yatsu su riƙa buɗewa da kansu kana kallo. Na fara ɗanɗana wannan a kan wani dutse da bai wuce tsayin bene hawa ɗaya ba a gindin Kufena, a Zariya. Da na sauko, ko murfin gorar ruwa na kasa murɗawa.

Washegari na sayi ɗan ƙarfen nan mai mariƙi biyu da sifirin a tsakiya, wanda ake matsawa da hannu ɗaya. Wata biyu ina matsa shi sau ɗari a rana. Musabaha ta yi ƙarfi har abokai suna kuka da ni, amma da na koma dutsen sai yatsu suka saki a daidai inda suka saki a da. Ƙarfen ba shi da laifi. Yadda nake amfani da shi ne bai dace da abin da dutse ke nema ba.

Abin da dutse ke nema a hannunka

Mai matsa ƙarfe yana dunƙule hannu ne, yatsu su taho su sami tafi. Mai hawa kuwa ba ya dunƙule komai. Yana ɗora kan yatsunsa a wani ɗan leɓe na dutse, nauyin jikinsa na ƙoƙarin ɓanɓare su, shi kuma aikinsa ya hana su buɗewa. Yatsun ba sa motsi ko kaɗan. Ƙarfin da jiki ke samu a atisaye kuma yakan tsaya kusa da irin yanayin da aka horar da shi a ciki. Shi ya sa Wolfgang Güllich, Bajamushen da ya hau wata hanyar hawan dutse mai tsananin wuya a Jamus mai suna Action Directe a 1991, sai da ya kafa wani allo mai sanduna na katako a wani ɗakin motsa jiki a Nuremberg a 1988, yana ɗaga jikinsa a kai da yatsa ɗaya ko biyu, domin ramukan hanyar ba sa ɗaukar fiye da haka. Ba na cewa ka kwaikwayi allonsa, wannan aikin ƙwararru ne. Abin ɗauka a wurinsa shi ne ya horar da hannunsa a siffar da zai riƙe dutsen. Mu ma da ɗan ƙarfenmu haka za mu yi: za mu daina ƙirga sau nawa muka matsa, mu koma ƙirga sakan nawa muka riƙe, da kuma yadda yatsu suke a lokacin riƙon.

Akwai abu na biyu da ya kamata ka sani kafin ka taɓa ƙarfen. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu huɗu ba a cikin yatsun suke ba, suna sangalin hannu. Daga can dogayen jijiyoyi suke tahowa, su ratsa wuyan hannu, su bi cikin kowane yatsa har ƙarshensa. Ka tuna wayar birkin keke: kana ja a sama, birki na kamawa a ƙasa, kuma akwai 'yan maɗaurai da ke riƙe wayar a jikin ƙarfen keken. Yatsa ma yana da irin waɗannan maɗaurai, zobba biyar da ke manne jijiya a jikin ƙashi. Wanda likitoci ke kira A2, a gaɓar farko kusa da tafi, shi ne ya fi tsinkewa a hannun masu hawa, musamman a yatsan zobe da na tsakiya. Tsoka tana da jini sosai, cikin makonni kaɗan za ka ji ta ƙara ƙarfi. Jijiya da waɗannan zobba jininsu kaɗan ne, sai an yi watanni suke kauri. A tsakanin nan ne ake jin ciwo: tsoka ta yi ƙarfin da maɗauranta ba su kai ɗauka ba tukuna.

Mataki na 1: zaɓen ƙarfe

Ka nemi wanda ake murɗa masa ɗan kusa a ƙara ko a rage tauri. Yawancinsu ana rubuta musu daga kilo 10 zuwa 40, ko daga 5 zuwa 60. Kada ka ɗauki lambar da muhimmanci sosai, domin masu arha ba a auna su da kyau, amfaninta kawai ta nuna maka ka ci gaba ko ba ka ci ba a kan wannan ƙarfen naka. Akwai masu tauri ɗaya da ba a canzawa, irin su Captains of Crush, waɗanda lamba 1 ɗinsu ta kai fam 140, kusan kilo 63, lamba 3 kuma fam 280. Waɗannan na masu gasar dunƙule hannu ne, mai hawa da ke farawa ba ya bukatarsu. Akwai kuma mai maɓallai huɗu, kowane yatsa da nasa sifirin, kamar Gripmaster. Shi ya fi dacewa da gano ragon yatsa a cikin huɗun, amma taurinsa ba ya da yawa, za ka wuce shi da wuri.

In kuɗinka na guda ɗaya ne, sayi mai kusa. Ka haɗa da robar ɗaure kuɗi guda uku ko huɗu, da agogon waya, da ɗan littafin rubutu.

Mataki na 2: ɗumama hannu

Wannan ne mutane suka fi tsallakewa, domin ƙarfen yana aljihu, da an ji zaman banza sai a zaro shi a matsa da iyakar ƙarfi. Kada ka yi haka, balle da sanyin safiyar hunturu. Ka fara da minti biyar na abin da zai sa jini gudu, tsalle a wuri ɗaya ko tafiya da sauri kana wurga hannuwa. Sai ka miƙe hannu gaba, ka buɗe yatsu ka dunƙule da sauri sau 30. Ka jujjuya wuyan hannu sau goma kowane ɓangare. Daga nan ka sassauta kusar ƙarfen zuwa mafi laushi, ka matsa a hankali sau 15 kowane hannu, ka ƙara tauri kaɗan ka yi sau takwas. In yatsu ba su yi ɗumi ba har yanzu, ka maimaita. Minti goma ke nan gaba ɗaya.

Mataki na 3: yadda za ka ɗora yatsu

Nan ne gundarin maganar. Yadda aka saba, mariƙi ɗaya yana kwance a tsakiyar tafi, ɗayan a gaɓar tsakiya ta yatsu. Kai za ka sauya. Ka tokare mariƙi ɗaya a gindin tafi, wurin naman da ke ƙasan babban yatsa, ɗayan kuma ka ɗora shi a kan gaɓar ƙarshe ta yatsu huɗu, inda ake dangwala tawada ranar zaɓe. Da ka yi haka za ka ga ƙarfen da kake rufewa da wasa ya gagare ka. To ka rage tauri, babu abin kunya a ciki.

Siffa biyu za ka horar. Ta farko ita ce rabin ƙugiya: gaɓar tsakiya ta kowane yatsa ta lanƙwashe kamar kusurwar bango, gaɓar ƙarshe ta miƙe, babban yatsa yana gefe bai hau kan kowa ba. Da ita ake riƙe ƙananan leɓɓan dutse, kuma ita ce uwar sauran. Ta biyu buɗaɗɗen riƙo: yatsu kusan a miƙe, ƙarshensu kawai ya ɗan lanƙwasa, kamar mai ɗauke da ledar cefane da kan yatsu. Da ita ake riƙe ramuka da duwatsu masu ƙusumbi marasa leɓe. Duwatsunmu na Zariya da Jos da Damagaram giranit ne, iska da ruwa sun goge su sun yi musu doro, don haka buɗaɗɗen riƙo zai yi maka aiki fiye da yadda kake zato.

Akwai siffa ta uku, cikakkiyar ƙugiya, inda gaɓar ƙarshe ke lotsawa baya, babban yatsa ya danne manuni. Tana da ƙarfi a kan dutse, amma ita ce ke ɗora wa zoben A2 nauyi mafi yawa. Kada ka yi atisaye da ita.

Wuyan hannu ya tsaya a miƙe ko ya ɗan karkata baya kaɗan. In ka ga yana lanƙwasowa ciki don ya taimaka, taurin ya yi maka yawa.

Mataki na 4: riƙon ƙarfi

Ka saita taurin da za ka iya riƙewa a rabin ƙugiya na sakan 13 zuwa 15 in ka yi iyakar ƙoƙari. Amma sakan 10 kawai za ka riƙe. Waɗannan sakan uku zuwa biyar da ka bari su ne tazararka da rauni.

Ka sa ɗaya hannun ya taimaka wajen matso mariƙin zuwa inda yatsu suka zauna a siffarsu, sai ka saki, hannun da ke aiki ya riƙe shi kaɗai. Ba sai mariƙan biyu sun haɗu ba. Ka ƙirga goma kana numfashi, kada ka danne numfashi. Sannan ka buɗe a hankali, kada ka bari sifirin ya fizge yatsu. Ka yi ɗaya hannun. Ka huta minti biyu cur da agogo, ko da kana jin za ka iya ci gaba. Wannan zubi ɗaya ke nan. Ka yi zubi huɗu a rabin ƙugiya, uku a buɗaɗɗen riƙo.

Za ka gama kana jin kamar ba ka yi komai ba, babu gumi, babu sanƙarewa. Haka ake so. Wannan atisayen na koya wa jiki tattaro ƙarfinsa wuri ɗaya ne, kuma gajiyayyen hannu ba ya koyon wannan. Da zarar ka ga gaɓar tsakiya ta fara buɗewa kafin goma ta cika, zubin ya ƙare, ka ajiye.

Mataki na 5: riƙon juriya

Shi ne maganin sanƙarewar nan da na fara da ita. Lokacin da tsoka ta ɗaure da ƙarfi tana matse hanyoyin jinin da ke cikinta, jini ya ragu. A kan dutse, ɗan lokacin da hannu ke tashi daga wannan mariƙa zuwa waccan shi ne kaɗai damar da jini ke samu ya shiga. Don haka masu hawa suke atisaye da sakan 7 na riƙo, sakan 3 na saki.

Ka rage tauri zuwa kusan rabin na mataki na huɗu. Riƙe 7, saki 3, sau shida, minti ɗaya ke nan. Ka yi ɗaya hannun, ka huta minti biyu zuwa uku, ka sake. Zubi uku a farko, daga baya biyar. A nan za ka ji zafi a naman sangali, kuma wannan zafin ba shi da illa. Na cikin yatsa ko na gaɓa shi ne abin tsoro, zan zo kansa.

Mataki na 6: babban yatsa

Ka riƙe ƙarfen tsakanin kan babban yatsa da kan sauran huɗun, tafi bai taɓa shi ba, kamar mai ɗaukar bulo ta gefe. Mafi laushin tauri. Sakan 10, zubi uku. Ya isa.

Mataki na 7: bayan hannu

Duk abin da muka yi zuwa yanzu cikin sangali yake ƙarfafawa. Tsokokin baya, masu buɗe yatsu da ɗaga wuyan hannu, su ne ke tsayar da wuyan hannu lokacin da kake riƙo, kuma in aka bar su a baya gwiwar hannu ce ke biyan bashin. Ciwon ƙullutun gwiwar hannu, na ciki ko na waje, sananne ne a wurin masu hawa, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya tafi.

Ka haɗa kan yatsu biyar, ka zagaya su da robar ɗaure kuɗi, ka buɗe su iyakar buɗewa, ka tsaya sakan ɗaya, ka dawo a hankali. Sau 20, zubi uku. In ya yi sauƙi ka ƙara roba. Sai ka ɗora sangali a cinya, tafi yana kallon ƙasa, ka riƙe gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ka ɗaga wuyan hannu sama ka sauke a hankali sau 15. In akwai guduma a gida, ka riƙe ta a ƙarshen ƙota, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ka kwantar da ita dama da hagu a hankali sau goma. Wasu kuma bokitin shinkafa suke cusa hannu a ciki suna buɗe yatsu suna murzawa. In uwargida ba ta yarda ba, yashi mai laushi ma yana yi.

Mataki na 8: katako da jarka

Bayan wata ɗaya ko biyu za ka ga ƙarfen ya fara yi maka kaɗan, ko mariƙinsa mai zagaye yana zamewa daga kan yatsu. A nan ina ba ka shawarar abin da ya fi shi kama da dutse, kuma shi ma yana shiga jaka. Ka je wurin kafinta ya yanka maka katako mai ƙarfi, tsawon tafin hannu da ɗan ɗori, ya fafe masa leɓe mai zurfin milimita 20, wanda shi ne zurfin da masu hawa suka fi gwada yatsu a kai. Ya goge bakin leɓen da samfefa ya yi laushi, kada ya bar kaifi. Ya huda rami a ƙasa a zura igiya mai ƙwari.

Ka ɗaura igiyar a hannun jarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ka san ainihin nauyin da kake ɗagawa, abin da sifirin ba zai gaya maka ba. Ka tsaya jarkar tana tsakanin ƙafafunka, ka ɗora yatsu a leɓen a rabin ƙugiya, hannu a miƙe, baya a miƙe, ka ɗago da ƙarfin ƙafa har ta bar ƙasa. Sakan 10, hutun minti biyu, daidai da mataki na huɗu. Ka fara da lita takwas ko goma. Ƙarin lita ɗaya a mako ya wadatar. Ƙarfen matsawa sai ya koma na ɗumama hannu da juriya da kuma ranakun tafiya.

Tsarin mako

Sau biyu a mako a watan farko, misali Litinin da Alhamis. Daga baya sau uku, amma kullum da kwana ɗaya cikakke a tsakani. Jerin shi ne ɗumamawa, riƙon ƙarfi, babban yatsa, juriya, bayan hannu. Ƙarfi yana zuwa kafin juriya koyaushe. A farko duka kusan minti 45 ne, kuma rabinsa hutu ne. Ranar da ka hau dutse sosai ka lissafa ta a matsayin ranar atisaye, kada ka dawo gida ka ɗora wani a kai. Kwana biyu kafin fita hawa ma ka bar hannu ya huta.

Mako uku kana ƙarawa, na huɗu ka rage zubi zuwa rabi. Ƙa'idar ƙari kuwa: sai ka kammala dukan zubi da siffa mai kyau a zama biyu a jere, sannan ka murɗa kusa kaɗan. Ka rubuta kwanan wata, tauri, da yadda yatsu suka ji washegari. Lokacin azumi ka mayar da atisayen bayan buɗa-baki, in ka sha ruwa ka natsu.

Abin da ya fi cutar da masu wannan ƙarfe shi ne sauƙin ɗaukarsa. Yana mota, yana ofis, yana gefen gado, sai mutum ya wuni yana matsawa, jijiya ba ta samun hutun da take gyaruwa a ciki. Ka ba shi lokacinsa, in ya wuce ka mayar da shi jaka. A kan tuƙi kuwa kada ma ka fara.

Ciwon da ba a yi wa taurin kai

Gajiyar naman sangali ta kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ce. Amma in ka danna gindin yatsa ta ɓangaren tafi ka ji zafi, ko gaɓa ta kumbura, ko ka tashi da safe yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko ƙullutun gwiwar hannu yana zafi in ka ɗauki buta, ka dakata da riƙon ƙarfi. Ka ba shi mako ɗaya, ka dawo da rabin tauri, in zafin ya dawo ka ga likita. In kuwa ka ji ƙara kamar an karya tsinke a cikin yatsa, kumburi ya biyo baya, ka ajiye komai nan take ka tafi asibiti, kada ka bari a ja yatsan ko a murza shi da sunan gyaran targaɗe. Haka ma in yatsu suna mutuwa ko suna yi maka kamar tafiyar kiyashi.

Yaron da bai gama girma ba kada a sa shi riƙon ƙarfi ko ɗaga jarka da yatsu. Ƙarshen ƙasusuwan yatsunsa bai gama haɗewa ba, kuma wurin yana iya tsagewa. Ya yi ta hawa mai sauƙi, robar bayan hannu ma ba laifi.

Fata ma tana bukatar kula. Kanta za ta fito a gindin yatsu, in ta yi tudu ka goge ta da samfefa mai laushi kafin dutse ya ɓalle ta da nama. Da hunturu ka shafa man kaɗanya da dare, amma kada ka shafa kafin atisaye ko hawa.

Komawa kan dutse

Rabin sanƙarewar sabon mai hawa daga tsoro take zuwa, yana damƙar dutse fiye da yadda ake bukata, gwiwar hannu a lanƙwashe, ƙafafu kuma ba sa ɗaukar rabonsu. Ka sami dutse mai gajeren tsayi da ƙasa mai laushi, ka riƙa ratsa shi ta gefe, ƙafarka ba ta fi kamu biyu daga ƙasa ba, hannuwa a miƙe, kana gwada sassauta riƙo har iyakar inda ba za ka zame ba. Ka je da sassafe kafin rana ta gasa dutsen. Duk ɓawon dutsen da za ka kama, ka fara ƙwanƙwasa shi, in ya yi amo kamar ganga ka bar shi. Abin da ya wuce tsayin da za ka iya dirowa lafiya kuwa, sai da igiyar hawa ta gaske da wanda ya san ɗaurinta.

A ranar farko ta shirin, bayan ka ɗumama, ka saita ƙarfen a matsakaicin tauri, ka riƙe a rabin ƙugiya har siffar ta lalace, ka rubuta sakan nawa kowane hannu ya yi. Bayan mako takwas ka maimaita a wannan taurin, bayan hutun kwana biyu. In hannu ɗaya ya bar ɗayan a baya sosai, ka riƙa fara kowane zama da ragon, kuma ka saita tauri a kan abin da shi zai iya ɗauka har ya kamo ɗan'uwansa.